Unguwar Da Ba Ta Cikin Birni

Kalmar unguwa tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Idan mutumin Kano ya ce zai koma unguwarsu, to nufinsa wani yanki ne na cikin birni, kamar Yakasai ko Mandawari ko Gwammaja, inda katangar wani take jingine da ta wani. Amma idan mutumin karkara ya ambaci unguwa, sau da yawa abin da yake nufi shi ne 'yan gidajen da suka taru a tsakiyar gonaki, a ƙarƙashin mai unguwa guda, wanda shi kuma yake bin dagaci. Kalmar ɗaya ce, amma tana iya sanya mutum a tsakiyar birni, tana kuma iya ajiye shi a bakin daji. Unguwar Hajji, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ƙaraye a yammacin Jihar Kano, tana cikin kashi na biyu. Mutanenta manoma ne, kamar sauran maƙwabtansu na ƙasar Ƙaraye da Rogo, suna noma dawa da masara da gyaɗa, in rani ya yi kuwa samarinsu su nufi birni ci-rani.

A nan ne aka haifi wani malamin firamare, wanda wannan 'yar maƙala ta ginu a kan abin da ya faru tsakaninsa da mahaifinsa. A cikin watan Maris na 2006, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta shirya ƙidayar jama'a da gidaje, shi yana cikin waɗanda aka ɗauka aikin ƙirgen. Aka ba su horo na 'yan kwanaki, aka danƙa wa kowa jaka da takardu da tawada, da wata 'yar taswira wadda ta nuna masa iyakar yankin da zai ƙirga, watau daga wannan turba zuwa waccan kuka, daga bayan masallaci zuwa bakin rafi. Allah ya nufa yankin da ya faɗo masa ya haɗa har da gidansu.

Da ya koma gida da jakar, sai mahaifinsa, wanda dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, ya dube ta ya ce, "Malam, wannan karon kuma me za su karɓa?" Tambayar ba ta banza ba ce. A zamanin En'e, in aka ga malamin hakimi ya iso da littafi yana rubuta sunayen magidanta, to kowa ya san haraji ne ke tafe, in kuwa shanu ake ƙirgawa, jangali ne. Ba a soke waɗannan a Jihar Kano ba sai a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Saboda haka dattijon ya tashi ne a lokacin da mai wayo shi ne wanda ya ɓoye ɗansa a rumbu. Malamin ya russuna ya ce, "Baba, yanzu ba karɓa ake yi ba. Da yawan mutane ake raba kuɗin gwamnati, da shi ake yanka mazaɓu, da shi kuma ake duba inda za a sa asibiti ko makaranta." Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "To ashe abin ya juya. In haka ne, a aika wa ƙannenka su dawo."

Ƙannen nan biyu suna Kano. Ɗaya yana acaba, ɗaya kuwa yana dako a kasuwar hatsi ta Dawanau. Tun da aka gama girbi suka tafi, kamar yadda suka saba kowace shekara, ba za su komo ba sai an ga hadari. Ɗan acaban ya hau babur ɗinsa ya biyo hanyar Gwarzo ya iso gida, amma ɗan dakon ubangidansa bai sake shi ba. Ranar da malamin ya shigo gidansu a matsayin ma'aikacin ƙidaya, ya rubuta mahaifinsa da iyayensa mata, ya rubuta ɗan acaba, ya rubuta matar ɗan dako, ya shafa wa kowa tawada a yatsa, sa'an nan ya rufe takarda. Dattijo ya ce, "Ka manta da mutum guda." Ya ce, "Ban manta ba, Baba. Doka ce, sai wanda ido ya gani. Shi za a ƙirga shi a can inda yake." Ran tsohon ya ɓaci. Ya ce, "Ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ga gonarsa can, ga matarsa a ɗaki, a nan aka yanke masa cibiya. Ka rubuta matar ka bar mijin? To shi mutumin ina ne?" Malamin ya ba shi haƙuri, amma bai rubuta ba. Kwana uku tsohon ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka.

Wannan tambaya ta dattijo, watau shi mutumin ina ne, ita ce ta zauna a zuciyar malamin shekara da shekaru. Da ya bi diddiginta sai ya tarar ashe tana ɗaure da wata tambayar da ta fi ta girma, wadda gwamnatocin duniya ba su gama amsawa ba: a ina ne birni ya tsaya, a ina kuma ƙauye ya fara?

Shi dai Bahaushe tun asali yana da ma'auninsa, kuma ba na ƙirge ba ne. Birni a wurinsa shi ne mazaunin sarki, wanda aka kewaye da ganuwa, mai ƙofofi da fada da babbar kasuwa. Gari yana biye da shi, yana da hakimi ko dagaci, da kasuwar da ke ci a ranarta, da masallacin Juma'a. Daga nan sai ƙauye, sai unguwa, sai ruga. Akwai kuma kafi, watau wurin da aka kewaye da itace domin tsaro, sunan da har yau ake ji a jikin wasu garuruwa na ƙasar Kano. Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan matakai sun dogara ne ga sarauta da tsaro da ciniki da addini. Ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gari ya ce sai an cika mutum kaza za a kira shi birni. Tsohon gari irin Ƙaraye, mai sarautar da ta daɗe, ba ya bukatar ƙidaya kafin mutanen karkararsa su san matsayinsa.

Ma'aunin gwamnati kuwa daban yake, kuma bai zauna wuri ɗaya ba. A 1917 Turawan mulki suka yi dokar garuruwa, suka kasa su daraja uku. Legas kaɗai ce mai daraja ta ɗaya, Kano da Zariya da Kaduna suna cikin ta biyu, kuma abin da dokar ta fi kula da shi shi ne mazaunin Turawa da baƙi, ba tsohon birni ba. A ƙidayar 1952 zuwa 1953, wurin da ya tara mutum 5,000 ana lissafa shi cikin garuruwa. Da aka zo ƙidayar 1963 sai aka ɗaga ma'aunin zuwa 20,000, kuma da shi aka yi aiki a 1991. Abin lura a nan shi ne, garin da ke da mutum 8,000, wanda aka kira shi gari a 1952, yana iya ninkawa ya kai 16,000 a 1963, amma a wayi gari a takarda ya koma ƙauye. Mutanensa sun ƙaru, kasuwarsa ta bunƙasa, alƙalami ne kawai ya rage masa daraja.

Har ila yau akwai wani ma'aunin na uku, wanda ba ruwansa da yawan jama'a. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta ƙunshi tsakanin mutum 150,000 zuwa 800,000, kuma tun daga lokacin aka shiga ɗaukar hedkwatar ƙaramar hukuma a matsayin gari, ko da kuwa ba ta cika 20,000 ba. Daga baya yawan ƙananan hukumomin ya kai 774 a 1996, 44 daga ciki a Jihar Kano. Ke nan duk sanda aka kafa sabuwar sakatariya, to an haifi sabon gari a idon hukuma, ko da kuwa ba a ƙara bulo ɗaya a gidajen talakawa ba. Shi kansa birnin Kano, in ana maganar yawan mutanensa, yawanci ƙananan hukumomi 8 ake haɗawa: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Amma duk wanda ya san Ungogo da Kumbotso ya san akwai gonaki da ƙauyuka a cikinsu, haka kuma ya san gine-ginen birnin sun tsallake waɗannan iyakoki sun shiga ƙasar Dawakin Tofa da Gezawa da Dawakin Kudu. Iyakar mulki ba ta tafiya tare da iyakar gini.

Kada mai karatu ya zaci wannan rikici na Nijeriya ne kaɗai. A Denmak, wurin da ya tara mutum 200 ana ƙirga shi cikin garuruwa. A Gana sai 5,000. A Japan kuwa sai 50,000 ake ba wuri sunan birni. Indiya ta gindaya sharuɗɗa uku: mutum 5,000, da cunkoson aƙalla 400 a kowane murabba'in kilomita, da kuma cewa kashi 75 cikin 100 na maza ma'aikata ba da noma suke ci ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta bi hanyar mulki, inda mazaunin hukuma yake zama gari, saboda haka Bahaushen Maraɗi da ɗan'uwansa na Katsina, ko da garuruwansu sun yi kai ɗaya, ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Amurka ta ƙara wata dabara tun ƙidayar 1950: ta ɗauki birni mai aƙalla mutum 50,000, sa'an nan ta haɗa shi da gundumomin kewaye waɗanda mutanensu ke shiga cikinsa aiki kullum, ta kira su yanki ɗaya. Wannan dabara ta fi kusa da amsa tambayar dattijon Unguwar Hajji, domin ta duba inda mutum ke neman abinci. Amma ita ma an gina ta ne a kan mai fita da safe ya dawo da yamma, ba ta san mai fita da kaka ya dawo da damina ba.

Ci-rani kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazaunan birnin da kimanin 30,000, amma ya ce a watannin rani, lokacin da fatake da baƙi suke cika shi, adadin yana iya ninkawa ya kai 60,000. Watau tun fiye da shekara 170 da suka wuce Kano tana da adadi biyu, na damina da na rani. Ƙidayar 2006 an yi ta daga 21 zuwa 27 ga Maris, tsakiyar rani ke nan. Da a watan Agusta aka yi ta, da malamin ya tarar da ƙannensa duka biyu a gona, da kuma birni ya rasa dubban mutanen da aka rubuta masa. Ga 'yan'uwa biyu masu rayuwa iri ɗaya, wata shida a birni, wata shida a ƙauye, amma takarda ta mai da ɗaya baƙauye, ɗaya ɗan birni, domin kawai ɗaya yana da babur, ɗaya yana da ubangida mai tsanani.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai suna ne kawai. Ba suna ba ne kawai, domin akwai dukiya a ƙarƙashinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamnan jiha ikon ya ayyana wuraren da suke birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati. Ƙasar da ke cikin yankin da aka ayyana tana hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Wadda ke wajensa kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da ita bisa al'ada. Daɗin daɗawa, dokar ta ce wanda ke riƙe da filin da ba a raya ba a cikin yankin birni kafin zuwanta, rabin hekta kawai zai ci gaba da riƙewa. Ashe ke nan layin da aka ja a taswira yana iya sauya matsayin gonar gado a dare ɗaya. A gefe guda kuma, wurin da aka kira birni shi ake fara tunawa da shi in ana maganar famfo da kwalbati da babban asibiti. Manomi yana son ruwan famfo, amma yana tsoron mai awon fili, kuma su biyun a mota ɗaya suke zuwa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ɗaliban da ke zaune kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero sun san Ɗorayi. A tsakanin 1971 da 1972 wata Baturiya masaniya, Polly Hill, ta yi bincike a can, kuma littafin da ta fitar a 1977 ya bayyana wurin ne a matsayin karkara, mai gidajen manoma a warwatse cikin gonakin da ake zuba wa taki. Yau duk wanda ya ce Ɗorayi ƙauye ce sai a yi masa dariya. Ba rana guda aka yi shela aka ce ta zama birni ba. Gona ce ta zama fuloti, fuloti ya zama gida, har unguwa ta tashi daga ma'anarta ta biyu ta koma ta farko. Ƙasar Ƙaraye tana da nisa da Kano, amma ita ma ba a tsaye take ba. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta kawo noman rani da kamun kifi, sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kusalla yana jawo baƙi, masarautar da aka kafa a 2019, aka kuma sake tsara ta a 2024 ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, ta ƙara wa garin kwarjini.

Da sakamakon ƙidayar 2006 ya fito, aka ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 140.4, Jihar Kano tana da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Aka yi ta ka-ce-na-ce, kamar yadda aka yi a 1963 da aka samu miliyan 55.6, da kuma 1973 wadda gwamnatin Murtala ta soke a 1975. Ƙaramar Hukumar Ƙaraye ta samu sama da mutum 140,000, Rogo kuwa kimanin 227,000. Malamin ya yi ta jiran a fito da adadin gari gari, kamar yadda aka yi wa ƙidayar 1991, domin ya kai wa mahaifinsa ya ce ga yawan mutanen Unguwar Hajji. Ba a fito da shi ba. Lissafin ya tsaya a kan ƙaramar hukuma. Saboda haka ma'aunin nan na 20,000 ya zama mudun da ba a zuba masa hatsi ba, domin ba a bayyana garin da ya cika shi da wanda bai cika ba. Shi da ya ɓata wa mahaifinsa rai don kada a ƙara mutum guda a kan gaskiya, bai taɓa ganin jimillar abin da hannunsa ya rubuta ba.

A watan Maris na 2020, hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani sabon ma'auni domin kwatanta ƙasashe. An yanka doron ƙasa gida gida, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, ana taimakawa da hotunan tauraron ɗan'adam. Inda gidajen da ke manne da juna suke da aƙalla mutum 1,500 kowanne, jimillarsu kuma ta kai 50,000, to birni ne. Inda cunkoson ya kai 300, jimilla ta kai 5,000, to gari ne ko yanki mai matsakaicin cunkoso. Saura kuwa karkara ce. Kyawun wannan ma'auni shi ne bai kula da iyakar hakimi ko ta ciyaman ba, kuma ya yarda akwai wani abu tsakanin birni da ƙauye, abin da Bahaushe ya daɗe da sani. Faɗin Ƙaramar Hukumar Ƙaraye bai kai murabba'in kilomita 500 ba, saboda haka in aka raba mutanenta na 2006 a kan faɗin, za a samu kusan 300 a kowane ɗaya. Matsakaicin lissafi ne kawai, ba ya nuna halin kowane gida, amma ya isa ya nuna cewa karkarar Kano ba irin karkarar da Bature ke nufi ba ce. Sai dai fa tauraro yana ganin rufin ɗaki ne, ba ya ganin ko mai ɗakin yana ciki ko yana Dawanau.

A nan ne masu nazarin Hausa suke da abin cewa. Takardar ƙidaya da Turanci ake tsara ta, kalmomi biyu kawai take ba mutum ya zaɓa, alhali Hausa tana da birni da gari da alƙarya da maraya da ƙauye da unguwa da ruga da zango, kowace da inda take tsayawa. Tana kuma da ɗan ci-rani, kalmar da ta bayyana mutum mai gida biyu ba tare da ta raba shi da ko ɗaya ba. Da za a tattara yadda mutanen karkara da kansu suke rarrabe waɗannan kalmomi, daga Ƙaraye zuwa Rogo, daga Katsina zuwa Maraɗi, da an samu abin da zai taimaki masu tsara tambayoyin ƙidaya. Ƙara tambaya ɗaya kawai, watau ina kake yin damina, da ta raba gardamar uba da ɗa.

Dattijon ya riga mu gidan gaskiya bai sami amsarsa ba, ko da yake ya daɗe da yafe wa ɗansa. Ɗan acaban da aka rubuta shi baƙauye, da aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a 2013, sai ya koma tuƙin Adaidaita Sahu, ya ɗauke iyalinsa, ya zama ɗan birni na sosai. Ɗan dakon da aka rubuta shi ɗan birni kuwa ya gaji da ɗaukar buhu, ya komo gida ya rungumi gonar ubansa. Matar nan tasa da aka ƙirga ba tare da shi ba, ashe a ranar tana da ciki. Yaron da ta haifa bayan watanni kaɗan ya kai shekara 17 a 2023, shekarar da aka shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayu, aka kuma ɗage ta. A kakar wannan shekara ne ya ɗaura jakarsa ya bi sawun ubansa zuwa Kano. Da ya zo sallama, ya durƙusa ya ce, "Baffa, zan tafi birni." Malamin ya sa masa albarka, ya ce masa ya riƙe gaskiya, ya kuma dawo kafin ruwan shuka.

Allah ya jiƙan magabata, ya kuma ba masu riƙe da alƙalami ikon rubuta kowa a inda ya dace.